Toshe intanet a maƙwabta: Ina ɗan kasuwa zai nemi labari?

Duk wanda ya san kasuwannin kan iyaka, tun daga Illela da Ƙonni, Jibiya da Maraɗi, Maigatari da Dungas, har zuwa Kamba da Gaya da Malanville, ko Gamboru da Fotokol da Kuseri, ya san cewa kafin buhun gero ya tsallaka iyaka labarinsa ne ke fara tsallakawa. Nawa ake sayar da tiya a Damagaram? Nawa sefa ta kwana a hannun 'yan canji? Hanya lafiya? Jami'an kwastan, ko 'yan duwan kamar yadda ake ce musu a Nijar, sun fito da sabon haraji ne? Amsar waɗannan tambayoyi ita ce ke raba riba da faɗuwa, kuma a yau kusan dukkanta ta cikin wayar hannu take zuwa.

Abin da bai kamata ya shige wa 'yan kasuwa duhu ba shi ne, wannan hanya da labari ke bi tana da makunni, kuma makunnin yana hannun gwamnatoci. Daga shekarar 2016 zuwa yau babu ɗaya daga cikin ƙasashe huɗu da ke kewaye da Nijeriya, wato Nijar da Chadi da Kamaru da Jamhuriyar Benin, da ba ta taɓa kashe shi ba, ita ma Nijeriyar ba a bar ta a baya ba. Wani abin takaici kuma shi ne, ƙofa ta biyu da ya kamata talaka ya nufa idan aka rufe ta farko, wato ɗakunan karatu na jama'a da sauran wuraren ajiye bayanan hukuma, an bar su sun zama kufai, ko kuma tun farko ba a gina su a inda kasuwa take ba.

Labari ma haja ne

Ba yau aka fara auna amfanin waya ga fatauci ba. Wata masaniyar tattalin arziki 'yar ƙasar Amurka mai suna Jenny Aker ta bi diddigin kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da wayar salula ke shiga garuruwa ɗaya bayan ɗaya. A sakamakon binciken da ta wallafa a 2010, ta gano cewa bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 a wuraren da sabis ya isa. Dalili a fili yake. A da sai falke ya hau mota ya kwana a hanya kafin ya san ko gero ya yi tsada a wata kasuwa, amma da waya ta zo sai ya buga wa dillalinsa, ya ji farashi, sannan ya yanke shawarar inda zai kai kaya. Mai saye ya samu sauƙi, mai sayarwa ya rage asarar kuɗin mota.

Wancan zamanin kira ne kawai. Yanzu harka ta wuce nan. Mai shanu a Maigatari ranar Alhamis yana ɗaukar hoton bijimi ya tura wa mai saye a Legas ta WhatsApp. Mai atamfa a Maraɗi yana ganin sabon zane daga Kotono kafin kwantena ta baro tashar jirgin ruwa. Direban tirela yana aiko da saƙon murya daga shingen da aka tsare shi. Mai POS a bakin kasuwa ba ya iya cire wa kowa ko kwabo idan babu sabis. Saƙon murya musamman shi ya buɗe wa waɗanda ba su yi boko ba ƙofa, domin ba ya buƙatar iya rubutu da Faransanci ko Turanci. Saboda haka ranar da aka ce an toshe intanet, ba 'yan jarida da 'yan siyasa kaɗai aka taɓa ba, an taɓa aljihun mai tumatir da kayansa ke ruɓewa a rana.

Yadda ta kaya a ƙasa bayan ƙasa

Idan mai karatu bai manta ba, a ranar 17 ga Janairun 2017 gwamnatin Kamaru ta katse intanet baki ɗaya a jihohi biyu masu amfani da Turancin Ingilishi, wato Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma, bayan yajin aikin lauyoyi da malaman makaranta. Ba a maido da shi ba sai 20 ga Afrilu, fiye da kwana 90 ke nan. Na'urorin cire kuɗi na bankuna suka tsaya, masu aikawa da kuɗi suka rufe shaguna, matasan garin Buea da ke sana'ar kwamfuta suka riƙa shiga mota zuwa wajen Duwala don kawai su aika da saƙo su dawo. Bamenda, wadda Hausawa fatake suka daɗe da kafa unguwa a cikinta, na daga cikin garuruwan da abin ya shafa. A daidai wannan lokaci ne masu waya a faɗin ƙasar suka riƙa samun saƙon gargaɗi daga hukuma cewa yaɗa labarin da mutum ba zai iya tabbatarwa ba na iya kai shi gidan yari.

Chadi ta zarce haka. Bayan toshewar da aka yi a lokacin zaɓen 2016, a ƙarshen Maris na 2018 aka sake rufe WhatsApp da Facebook da Twitter, aka kuma bar su a rufe har watan Yulin 2019, lokacin da marigayi Shugaba Idriss Deby ya ba da umurnin buɗewa. Kusan wata 16 ke nan. A Yulin 2020 aka sake taƙaita WhatsApp, bayan wani rikici da ya tashi a wata kasuwar kayan gyaran mota da ke Njamena tsakanin wani hafsan soja da makanikai, wanda hotunansa suka bazu a waya. Gwamnati ta ce ta yi haka ne don hana yaɗa saƙonnin ƙiyayya tsakanin ƙabilu. Masu hali sun riƙa zagayewa ta wata manhaja da ake kira VPN, wadda ke ɓoye inda mutum yake, sai dai tana cin kati, kuma ba kowa ya san yadda ake sarrafa ta ba.

A Jamhuriyar Benin salon ya bambanta. A Satumbar 2018 gwamnati ta fara karɓar harajin sefa 5, wato dala guda, a kan kowane megabait da mutum ya kashe a WhatsApp ko Facebook da makamantansu. Kuɗin shiga waɗannan kafofi ya yi tashin gwauron zabi a dare ɗaya, jama'a suka yi ca, cikin 'yan kwanaki gwamnatin Patrice Talon ta janye dokar. Amma ranar 28 ga Afrilun 2019, ranar zaɓen 'yan majalisa da aka hana jam'iyyun adawa shiga, sai aka wayi gari babu intanet a ƙasar.

Nijar kuwa nata ya zo ne bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa na 21 ga Fabrairun 2021. Da aka bayyana Mohamed Bazoum a matsayin wanda ya yi nasara, tarzoma ta ɓarke a Yamai da wasu garuruwa, sai aka katse intanet na wayar hannu daga 24 ga Fabrairu har kimanin kwana goma. A ƙasar da kusan kowa ta waya yake shiga intanet, wannan daidai yake da rufe shi gaba ɗaya.

Kada mu ga laifin maƙwabta mu manta da na gida. Nijeriya ta katse layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, sannan a Satumbar 2021 ta kashe sabis baki ɗaya a Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, ciki har da Jibiya, da wasu sassan Sakkwato da Kaduna. A nan ba intanet kaɗai aka ɗauke ba, har kira. Mutanen bakin iyaka da dama sai da suka koma neman layin Nijar, suna hawa tudu ko bishiya don su kama rezo daga tsallake.

Hujjar gwamnatoci

Adalci ne a saurari ɓangaren hukuma. Ko shakka babu akwai masu amfani da waya wajen tsegunta wa 'yan bindiga motsin jama'a da na sojoji. Akwai kuma saƙonnin ƙarya da ke iya haddasa zubar da jini cikin sa'a guda, kuma 'yan kasuwa sun fi kowa sanin cewa idan tarzoma ta tashi rumfunansu ne ke fara cin wuta. Gwamnatin da ta ga gari na neman kamawa da wuta ba za a ce ta naɗe hannu ba.

Abin tambaya a nan shi ne, shin maganin yana kashe cutar? A Zamfara rahotanni sun nuna cewa 'yan bindigar sun koma amfani da layukan Nijar da wayoyin tauraron ɗan Adam, yayin da mutanen ƙauye suka rasa hanyar kiran agaji idan an kawo musu hari. A Kamaru rufewar wata uku ba ta kashe rikicin ba, hasali ma kafin ƙarshen shekarar ya rikiɗe ya zama na makamai. Ita kuwa jita-jita ba ta mutuwa don an kashe waya, sai ma ta ƙara ƙiba, domin mai ƙaryata ta ya rasa bakin magana. Duk wanda ya zauna a kasuwa ranar da aka ce za a rufe iyaka alhali babu wanda zai iya tabbatarwa, ya ga yadda farashi ke hauka, mai ƙaramin jari ya karyar da kayansa, mai babban jari da ke da ɗan'uwa a ofis ya kwashe a arha. Kowane duhu da aka jefa jama'a a ciki akwai wanda ke da fitila a aljihu.

Abin da kotu ta ce

Wannan batu ya je gaban shari'a. A Satumbar 2017 gwamnatin Togo ta katse intanet lokacin zanga-zangar adawa, sai wasu ƙungiyoyi da wata 'yar jarida suka kai ƙara kotun ECOWAS, wadda ake kira CEDEAO a ƙasashen renon Faransa. Ranar 25 ga Yunin 2020 kotun ta yanke hukuncin cewa abin da Togo ta yi ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, musamman da yake babu wata doka da ta ba ta ikon yin haka. A Yulin 2022 kotun ta sake yanke irin wannan hukunci a kan Nijeriya game da dakatar da Twitter. Ita ma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Tarayyar Afirka da ke Banjul, a ƙa'idojin da ta amince da su a 2019, ta ce bai halatta gwamnati ta katse wa wani ɓangare na jama'a ko ƙasa baki ɗaya intanet ba.

Sai dai a nan gizo ke saƙa. Chadi da Kamaru dama ba sa cikin ECOWAS, suna ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka ne. Nijar kuma, tare da Mali da Burkina Faso, ta kammala ficewa daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025. Ma'ana, daga cikin maƙwabtan Nijeriya huɗu, Benin ce kaɗai ɗan ƙasarta ke da tabbacin samun wannan kotu idan an rufe masa layi nan gaba. Ga sauran, abin da ya rage shi ne dokokin cikin gida da kotunan cikin gida.

Dokokin cikin gidan kuwa sun fi karkata wajen hukunta mai magana. Kamaru ta yi dokar laifukan intanet tun Disambar 2010. Benin ta yi nata kundin a 2018, kuma da shi aka ɗaure ɗan jarida Ignace Sossou a ƙarshen 2019. Nijar ta yi tata a 2019, aka sassauta ta a 2022 ta hanyar cire ɗauri a kan laifin ɓata suna da zagi, sannan a Yunin 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta maido da ɗaurin, har da shekara biyu zuwa biyar ga wanda ya yaɗa abin da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a. Ya kamata kowane ɗan kasuwa da ke cikin zauren WhatsApp na 'yan sana'arsa ya san da wannan, domin doka ba ta tambayar wanda ya ƙirƙiri saƙo kaɗai, tana iya hawa kan wanda ya tura shi gaba.

Doka a takarda, labari a aljihun jami'i

Akwai wani ɓangare na wannan magana da ba a cika tattaunawa ba, alhali shi ya fi shafar fatauci. Ko da intanet na aiki, shin bayanin da ɗan kasuwa ke buƙata yana ciki?

A shekarar 2011 ƙasashe biyu suka yi dokar bai wa jama'a damar samun bayanan hukuma: Nijar a watan Fabrairu, a ƙarshen mulkin riƙon ƙwarya na Salou Djibo, sai Nijeriya a watan Mayu, inda dokar ta ba kowace ma'aikata kwana bakwai ta amsa wa mai tambaya. Ghana ta bi sahu a 2019. A Kamaru kuwa ƙungiyoyi sun shafe shekaru suna kiran a yi irin wannan doka. Bugu da ƙari, akwai yarjejeniyar sauƙaƙa fatauci ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta fara aiki ranar 22 ga Fabrairun 2017, kuma Chadi na cikin ƙasashe huɗu da sa hannunsu a wannan rana ya cika adadin da ake jira. Sashen farko na yarjejeniyar ya wajabta wa kowace ƙasa ta bayyana ƙa'idojin shigo da kaya da fitar da su, da yawan haraji, da duk wani kuɗi da ake karɓa, da hukuncin saɓawa, ta yadda kowa zai same su cikin sauƙi, ta kuma buɗe ofishin amsa tambayoyi. Nijar da Nijeriya da Benin da Kamaru duk sun amince da ita.

To, a wace kasuwar kan iyaka aka taɓa ganin allon da aka rubuta harajin buhun wake ko na kan sa da harshen da masu kayan ke ji? Dubi manyan matakan da suka girgiza kasuwanni a 'yan shekarun nan. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019 ba tare da wani dogon gargaɗi ba, har Disambar 2020. An sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe tsakaninta da Nijeriya ba sai Maris na 2024. A Oktobar 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa ko'ina in ban da Mali da Burkina Faso. A ƙarshen Maris na 2025 ƙasashen ƙawancen Sahel uku suka sanar da harajin rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan kayan da ake shigo da su daga waje. A Mayun 2025, gab da Babbar Sallah, Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi. Kowace ƙasa na da ikon tsara tattalin arzikinta yadda ta ga dama, wannan ba abin jayayya ba ne. Amma mutum nawa ne cikin masu wannan sana'a suka ga takardar ko ɗaya daga cikin waɗannan dokoki da idonsu, suka san abin da ta hana da abin da ta bari? Akasari a bakin direba ko a shingen jami'ai ake jin labari, bayan an riga an yi lodi. Wanda bai san haƙiƙanin kuɗin da doka ta ɗora masa ba kuwa, duk abin da aka ce ya biya shi zai biya. Rashin sani ya fi dare duhu, in ji masu iya magana, kuma a bakin iyaka duhun nan kuɗi ake biya a kansa.

Ina ɗakunan karatu?

A nan ne maganar laburare ta shigo. Da yawa daga cikin 'yan kasuwa na ɗaukar ɗakin karatu a matsayin wurin 'yan makaranta masu shirin jarrabawa. Amma a ƙa'idar da hukumar UNESCO da ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya suka fitar a 1994, suka kuma sabunta a 2022, aikinsa ya haɗa da bai wa kowa bayanan da suka shafi rayuwar al'umma kyauta, da yi wa masu sana'a da ƙungiyoyin gari hidima. A ƙasashen da abin ke tafiya daidai, nan ake ajiye jaridar gwamnati mai ɗauke da sabbin dokoki, nan wanda ba shi da kwamfuta ke zuwa ya cike takarda, nan kuma akwai ma'aikacin da aikinsa shi ne ya nemo maka abin da kake nema ba tare da ya tambaye ka na goro ba.

A maƙwabtanmu masu amfani da Faransanci, yawancin ɗakunan karatun jama'a da tallafin waje suka rayu. Tun 1986 ƙungiyar ƙasashe masu magana da Faransanci ta fara kafa ƙananan cibiyoyin karatu a garuruwan karkara, waɗanda ake kira CLAC, Benin na cikin na farko, daga baya shirin ya kai Nijar da Chadi. A Yamai da Damagaram kuma manyan ɗakunan karatu da ɗalibai suka fi sani su ne na cibiyoyin al'adu na haɗin gwiwar Nijar da Faransa. Ta Damagaram an cinna mata wuta ranar 16 ga Janairun 2015 lokacin zanga-zangar nuna fushi da zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa, littattafan da 'ya'yan garin ke karatu da su suka ƙone. Ta Yamai, wadda ke ɗauke da sunan Jean Rouch, ta daina zama ta haɗin gwiwa bayan juyin mulkin 2023, aka sauya mata suna zuwa na Moustapha Alassane, fitaccen mai shirya fina-finai ɗan ƙasar. A Maris na 2025 kuma Nijar ta sanar da ficewa daga ƙungiyar masu magana da Faransancin.

Wannan sauyi yana da fuska biyu. Ta ɗaya, duk ƙasar da ta sallami mai ba da tallafi to nauyin ya dawo kanta, kuma idan ba a ware kuɗi a kasafi ba, gine-ginen za su rage babu sabon littafi, babu wutar lantarki, babu albashin ma'aikaci. Ta biyu kuwa dama ce. Littattafan da ke cikin waɗancan ɗakuna kusan duk da Faransanci suke, a ƙasar da manya masu iya karatu da rubutu ba su kai 4 cikin 10 ba. Kundin da ya maye gurbin tsarin mulkin Nijar a Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Idan da gaske ake, wurin da ya fi dacewa a fara ganin amfanin wannan mataki shi ne takardun duwan da sanarwar ma'aikatar kasuwanci, a fassara su, a buga, a kuma naɗe su da murya.

Ba kuma za a ce karatu baƙon abu ne a wannan yanki ba. A cibiyar binciken ilmin ɗan Adam ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai akwai dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, waɗanda marigayi Boubou Hama ya fara tattarawa. A ƙauyen Dandaji na jihar Tawa, lokacin da aka tashi gina sabon masallacin Juma'a, ba a rushe tsohon ba, sai aka mayar da shi ɗakin karatu, a wani aiki da masu zanen gini Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara, aka kammala a 2018. Idan ƙauye ya iya, babu dalilin da zai hana kasuwar da ake juya miliyoyi a cikinta kowane mako.

Wani darasin kuma ya zo ranar 14 ga Maris na 2024, lokacin da manyan wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, harkokin banki da na sadarwa suka tsaya cik a ƙasashe da dama na yammacin Afirka. Nijar da Chadi ba su da teku, ta ƙasashen maƙwabta layinsu ke bi. Wato ko gwamnati ba ta taɓa makunni ba, hanya ɗaya tilo na iya yankewa. Shigowar intanet na tauraron ɗan Adam na kamfanin Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya da Benin a 2023, a Nijar da Chadi kuma a 2025, ya rage wannan matsala, sai dai kuɗin na'urar ya fi ƙarfin mutum ɗaya mai ƙaramin jari, kuma shi ma da lasisin hukuma yake aiki: a 2024 hukumar kwastan ta Kamaru ta ba da umurnin ƙwace na'urorinsa a bakin iyaka. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya kuwa bai fi ƙarfin ƙungiya ba.

Mafita

Abu na farko, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da majalisun ciniki na Maraɗi da Katsina da Kano da Damagaram da Marwa su sa baki a maganar katse layi, kada su bar wa 'yan jarida da lauyoyi kaɗai. Mafi ƙarancin abin da za a nema shi ne doka bayyananniya: duk umurnin katsewa ya kasance a rubuce, a faɗi dalili, a faɗi yanki, a faɗi ranar ƙarewa, alƙali ya duba shi, a kuma bar hanyoyin biyan kuɗi da kiran gaggawa suna aiki. Gwamnati takan saurari masu biyan haraji idan suka zo da murya ɗaya, kamar yadda aka gani a Benin a 2018.

Na biyu, a nemi hukumomin kwastan na ɓangarorin biyu su cika alkawarin da ƙasashensu suka sa wa hannu, su kafa allon haraji a kowace mashiga da Hausa, boko da ajami, da sauran harsunan yankin kamar Kanuri da Fulatanci da Zabarmanci. Nijar tana da tsarin tattara farashin kasuwannin hatsi da na dabbobi tun shekaru masu yawa, tana kuma da gidajen rediyon al'umma fiye da 100. Hanyar da ke kai farashin gero ƙauye za ta iya kai sanarwar doka.

Na uku, kowace babbar kasuwa ta ware ɗaki guda, ko a jikin ofishin sarkin kasuwa ne, a sa masa faranti mai amfani da hasken rana, da kwamfuta, da na'urar buga takarda, da matashi ɗaya mai jin Hausa da Faransanci da Turanci. A ajiye kwafin kowace doka da ta shafi fatauci a takarda, domin takarda ba ta jiran sabis. Kuɗin da ake tarawa na ƙungiya kowace ranar kasuwa ya isa ya riƙe wannan, kuma tara guda da aka kauce wa saboda an san doka na iya biyan albashin yaron na wata da watanni. Daga nan ne kuma za a iya shigar da koke a shafin da yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda aka ƙaddamar a Yamai a Yulin 2019, ta tanada domin masu fuskantar cikas a kan iyaka.

Na huɗu, shawara ce ga kowa da kowa: kafin ka tura saƙon da aka turo maka, tambayi kanka wa ya faɗa, yaushe, kuma a ina. Kowace ƙarya da aka yaɗa hujja ce ake miƙa wa mai neman dalilin kashe layi.

Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja da ta Agadas ba su taɓa tashi da ayari ba sai madugu ya san labarin hanya, ya san fito nawa ake biya a kowane gari, ya san inda rijiya take. Jakuna sun koma tireloli, amma buƙatar ba ta sauya ba. Allah Ya ba shugabanninmu ikon sauraro, Ya kuma sa albarka a kasuwa.